Turaren da Bai Yi Laifi Ba

Kafin ku fara zagina a ƙasan rubutun nan, ku bari in kai ƙarshe tukuna. Na san wasu za su ce muguwa ce ni, wasu su ce matsoraciya. Duka biyun na riga ku faɗa wa kaina a gaban madubi, da buroshi a bakina.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sana'ata haɗa furanni ce. Ina yin na teburin biki, na ofis, da na kai wa mara lafiya. Ba ni da shago. A ɗakin bayan gidanmu nake aiki, wani ɗan tsukukun ɗaki mai taga ɗaya, inda a da Abba yake ajiye zarto da gudumarsa. Abba kafinta ne, ko in ce a da kafinta ne, domin asma ta raba shi da sana'ar. Likita ya ce ƙirjinsa da ƙurar katako sun yi hannun riga. Tun daga nan yake zaman gida, yana neman abin da zai gyara ko da bai lalace ba. Ƙofar kicin ɗinmu kaɗai ya cire ta ya mayar har Umma ta ce in ya ƙara taɓa ta za ta koma dafa abinci a waje.

Duk mai aikin fure ya san koren soson nan mai siffar bulo. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ana jiƙa shi ya sha ruwa, a zaunar da shi cikin kwano ko kwando, sai a riƙa soka furanni suna tsayawa cak yadda ake so. Amma in a bushe yake, ko da yatsa ka danna shi sai ya marmashe ya zama gari mai laushi, ya bi iska, ya manne a gashin ido.

Antin da ta koya min aikin ta ja kunnena tun ranar farko. Ta ɗaga bulo ɗaya ta ce, "Kin ga wannan? Sunansa kawai soso, amma ba na wanka ba ne. Roba ce da aka haɗa da sinadarai. Kada ki yanka shi a bushe, ki jiƙa tukuna. Ki sa safar hannu, ki rufe hanci, ki buɗe taga. Kada yaro ya yi wasa da shi, kada mai ciwon ƙirji ya zauna inda garinsa ke tashi. Kin ji ni?"

Na ce na ji. Wallahi na ji, babu kalmar da ta wuce ni.

Amma ranar da na shigo gida da kwalin farko, Umma ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, ta ce, "Wannan koren abin fa? Kin dai san ƙirjin ubanki. Duk ranar da na ji yana da illa, waje zan watsa shi, har kwandunan."

Na yi dariya na ce, "Haba Umma, soso ne kawai."

Umma dama ba son sana'ar take ba. A wajenta, yarinyar da ta yi karatu ba ta da dalilin zama tana tsinke ganye. Da na faɗa mata gaskiya a ranar, da a ranar sana'ar ta mutu. Abin da na gaya wa zuciyata ke nan, ita kuma ta yarda da sauri.

To, sai batun Mai Turare.

Ba sayar da turare yake ba, zanen gidaje yake yi. Goggo, yayar Abba, ita ta laƙaba masa sunan, wai tun yana kwanar layinmu take sanin ya iso. Kuma ba ƙarya ta yi ba. Mutum ne mai son ƙamshi, in ya zauna a kujera ya tashi, har washegari kujerar tana gaishe ka da sunansa. Dogo ne, mai yawan murmushi, kullum rigarsa a goge kamar yanzu aka ciro ta daga leda. Yana kirana Mai Fure, ina kiransa da sunan da Goggo ta sa masa, ya ce ai mun dace, ƙamshi ne ya haɗu da ƙamshi.

Goggo ba ta son sa. Tana da nata ɗan takarar, ɗan wata ƙawarta, likitan haƙori, wanda sau ɗaya muka zauna da shi ya ƙare hirar yana kallon haƙorana na ƙasa. Umma tana tsakiya, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Abba ne kaɗai ya ce, "Yaron nan yana da ladabi. Ya san yadda ake riƙe ƙofa ba a buga ta ba."

Ana cikin haka mahaifiyar Mai Turare ta aiko a ce ni take so in yi furannin bikin ƙanwarsa. Duk teburan zauren, da na gaban amarya. 'Yan'uwa mata, kun san wannan ba aiki ba ne, jarrabawa ce. Tun daga ranar barcina ya ragu.

Ranar da abin ya faru, da rana ne, an ɗauke wuta, fankar ɗakin baya ta tsaya. Na rufe tagar saboda iska tana watsa min busassun furannin da na shanya a kan tebur. Ina so in yayyanka sosunan daidai girman kwanuka in ajiye, in biki ya matso sai jiƙawa kawai. Na san a jiƙe ya kamata in yanka, amma in na jiƙa tun yanzu ina zan jera su? Na ce bari in yi a bushe, sau ɗaya dai. Na ɗaura tsohon ɗankwali a hanci, na ɗauki wuƙa.

Yankana duk a karkace. Ina tsaki sai na ji muryar Abba a bayana.

"Uwata, wannan yanka ne ko faɗa kike da shi?"

Haka yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa min.

Na ce, "Abba, ka fita, akwai zafi a nan."

"Kawo wuƙar. Ke ba ki san a auna kafin a yanka ba?"

Ya jawo kujera, ya ciro ɗan guntun fensir daga aljihu, ya ɗora rula a kan bulon. Da kun ga fuskarsa. Rabon da in ga idonsa yana ƙyalli haka tun kafin ya rufe shagonsa. Ya ja layi, ya sauke wuƙa, yankan ya fita sumul.

Na buɗe baki zan ce masa, Abba wannan garin ba naka ba ne. Maganar tana kan harshena. Sai wayata ta yi ƙara, sunan Mai Turare ya bayyana da jar zuciyar da na liƙa masa.

Na ce, "Abba ina zuwa," na fita tsakar gida.

Ba zan ɓoye muku ba, hirar banza muka yi. Wace kalar riga zan sa ranar biki, ko zan yarda a ɗauke mu hoto tare, ko na yi kewarsa. Na jingina da bango ina murza bakin mayafina ina dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce anjima zai biyo ya gaida Abba. Da na kashe wayar, kunnena har ya yi zafi saboda daɗewa.

Na koma ɗakin, na tarar Abba ya gama kwali guda ya buɗe na biyu. Sosunan a jere kamar an auna su da inji. Shi kuwa gemunsa ya koma kore, girarsa kore, gaban rigarsa kore. Idanunsa sun yi ja, yana ta gyaran murya.

Ya ce, "Duba ki gani. Akwai wanda ya fi wani?"

Abin da na yi daga nan shi ya fi ci min rai. Ban ce ya sha maganinsa ba. Ban fitar da shi ya sha iska ba. Agogo na kalla, na tuna Umma ta kusa dawowa daga kasuwa. Na jiƙo tawul na goge masa fuska da gemu, na kawo masa wata rigar, na cusa mai garin a ƙasan kwandon wanki. Yana dariya yana cewa, "Sirrinmu ne, kada uwarki ta ji na yi aiki."

Bayan la'asar Mai Turare ya iso, cikin farar riga, ƙamshinsa ya riga shi shiga falo. Goggo tana nan, ta zo yini. Ya durƙusa ya gaishe su, ya zauna kusa da Abba. Na kawo shayi na koma bayan labule ina leƙe. Suna maganar yadda ake kafa rufi, sai Abba ya fara tari. Ya ɗaga hannu alamar ba komai. Tarin ya ƙi tsayawa. Sai numfashinsa ya koma fito, wani siririn sauti kamar iska na bin ramin ƙofa. Kofin ya suɓuce daga hannunsa.

Umma ta rugo da abin shaƙarsa, ya shaƙa, ya ƙara, babu sauƙi. Mai Turare bai tsaya tambaya ba, ya sungumi Abba kamar yaro ya kai mota. Ni da Umma muka sa shi a tsakiya a baya, Goggo a gaba tana salati da ƙarfi. Ina riƙe da hannun Abba, na duba, sai na ga koren gari a ƙarƙashin faratansa. Na rufe hannun da nawa har muka isa.

A asibiti aka sa masa abin numfashi a fuska. Da ya ɗan lafa, likitar, wata mace mai tabarau da ba ta da yawan magana, ta fito ta same mu a baranda.

Ta ce, "Me ya shaƙa yau? Hayaƙi? Ƙura? Fenti? Wani abu sabo a gidan?"

Kafin kowa ya motsa Goggo ta miƙe. "Likita, ba sai an yi nisa ba. Shaƙi iskar nan ki ji. Ga shi nan a tsaye! Mutum lafiyarsa ƙalau tun safe, wannan ya shigo da rabin kwalbar turare a jiki ya zauna masa a hanci."

Likitar ta ce turare mai ƙarfi yana iya tayar da asma, haka ne. Sannan ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Babu wani abin kuma?"

Idonta ya tsaya a kaina. Na kalli takalmina.

Mai Turare ya ja da baya har ya jingina da bango. Ya kama gaban rigarsa ya sunsuna, kamar yau ya fara jin ƙamshin. Ya ce, "Umma, wallahi ban sani ba. Ku yafe ni." Ya fita can wajen ajiye motoci ya tsaya, bai ƙara matsowa ba, bai kuma tafi ba sai da aka tabbatar masa Abba ya samu barci.

Washegari da safe saƙonsa ya shigo.

"Mai Fure, ya jikin Abba? Na kwashe turarukan duka na ba maƙwabcina. Har sabulun na canja."

Na rubuta, "Da sauƙi. Kada ka damu kanka."

"Ta yaya? Da hannuna na kusa raba ki da mahaifinki."

Na rubuta, "Ba laifinka ba ne." Na tsaya ina kallon kalmomin. Gaskiya ce tsantsa, amma na san zai karanta ta a matsayin lallashi. Na tura a haka.

Ya amsa, "Kin fi ƙarfina da kirki."

Na kife wayar a kan katifa, na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada Umma ta ji kukana.

Goggo kuwa ta samu abin yi. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ba shi labari daga farko, kullum kwalbar turaren tana ƙara girma. Ta ce wa Umma, "Namijin da bai lura da numfashin surukinsa ba, da na matarsa zai lura? Ɗan ƙawata dai ko ba komai ma'aikacin lafiya ne." Umma da take tsakiya ta fara karkata. Ta ce min, "Ki gaya masa ya ɗan dakata da zuwa. In biki ya wuce ma yi magana."

Na samu Abba shi kaɗai a gadon asibiti, na durƙusa na ce, "Abba, zan faɗa."

Ya zare abin numfashin. "Faɗi me?"

"Soson ne. An hana ni yanka shi a bushe, an ce kada mai ciwon ƙirji ya matso. Na sani tun farko, na bar ka."

Ya kalli silin. Na zaci faɗa zai yi, da ma ya yi. Sai ya ce, "Ni na karɓi wuƙar, ba ke kika ba ni ba. In uwarki ta ji, sana'arki ta ƙare, ni kuma na koma zaman kallon bango. Ki bar shi. Yaron zan lallashe shi da kaina."

"Abba, Goggo tana..."

"Goggonki tun muna yara take magana. Ki yi shiru, Uwata."

Kun gani? Har izinin yin shiru na samu, na kuwa rungume shi hannu biyu.

Ranar da za a sallami Abba na bi likitar har ƙofar ofishinta. Na ce, "Likita, tambaya ce kawai. Garin koren soson nan na furanni, yana iya yin irin wannan?"

Ta sauke tabaraunta. "Gari mai laushi irin wannan yana iya fusata ido da maƙogwaro ko ga mai lafiya, balle mai asma. Wa ke aiki da shi a gidanku?"

"Wata ƙawata ce."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ki gaya wa ƙawar taki, ni ba alƙali ba ce. Ban damu da wa ya yi laifi ba. Amma in ba a faɗa min gaskiya ba, sallamar mutum zan yi ya koma ya tarar da abin da ya kawo shi yana jiransa a gida. Karo na gaba kuma ba lallai ya iso nan da wuri ba."

Na ce to, na gode. Na fita.

Da muka dawo gida na wanke ɗakin baya da ruwa, na goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma, na ɗaure sauran sosunan cikin leda, na sa wa ƙofar kwaɗo. Na ce wa kaina shi ke nan, na gyara. Mai Turare ya daina zuwa kamar yadda aka ce. Kullum da safe sai saƙo ɗaya, "Ya Abba?" Babu Mai Fure, babu wasa. Ni kuma kullum sai in ce gobe zan gaya masa, bari biki ya wuce, bari Abba ya ƙara ƙarfi.

Ana gobe biki na tafi wajen mai kawo min furanni tun da hantsi. Na dawo da daurin farare da jajaye a rungume, mayafina duk ya jiƙe. Ina shiga tsakar gida na hango ƙofar ɗakin baya a buɗe, kwaɗon yana lilo tare da marikinsa. Na manta da wa nake zaune a gidan. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kafa ƙofofi, kwaɗo ne zai tsayar da shi? Kusoshin kawai ya kwance.

Yana zaune a kujerar nan, fensir a bayan kunne, ya yage ledar, wuƙa a hannu. Ya ɗaura hankici a hanci, wai shi ya yi dabara. Koren gari har ya fara taruwa a kan gwiwarsa.

Ya ce, "Na ga saura na teburin amarya, na ce kafin ki dawo..."

Ban san lokacin da na zubar da furannin ba. Na fizge wuƙar, na ja shi da hannu biyu zuwa waje, ina ihu da muryar da ban taɓa ɗaga wa mahaifina ba.

"Abba so kake ka mutu? Wannan abin ne ya kwantar da kai! Ba turare ba ne, ba laifin Mai Turare ba ne, kai ma ka sani! Ni ce na bar ka ka shaƙa, ni na goge maka gemu, ni na ɓoye rigar! Ni ce!"

Na durƙushe ina kakkaɓe masa wando ina kuka. Na ɗago na dubi Abba. Ba ni yake kallo ba, bayana yake kallo.

Na waiwaya.

Umma tana bakin kicin da ludayi a hannu. Kusa da ita, a bakin ƙofar shigowa, Mai Turare ne a tsaye da kwandon 'ya'yan itace. Ya rame. Ban ji shigowarsa ba, domin a karon farko tun da na san shi babu ƙamshin da ya riga shi.

Umma ta ce a hankali, "Soso ne kawai. Haka kika ce min."

Na sunkuyar da kai. Ta wuce ta gabana, ta kama hannun Abba ta shige da shi ɗaki, na ji tana neman abin shaƙarsa a cikin durowa.

Muka rage daga ni sai Mai Turare, da furanni warwatse a ƙasa tsakaninmu. Ya sunkuya ya ajiye kwandon a kan dakali.

Ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun a mota."

"Da nake tsaye a asibiti ana nuna ni da yatsa?"

"Na sani."

"Da na rubuto miki na kusa kashe shi?"

Na gyaɗa kai. Na so ya yi faɗa, ya kira ni maƙaryaciya, ko ya juya ya tafi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya shafa fuskarsa da tafin hannu, ya kalli ƙofar gida, ya dawo da idonsa kaina. Sun cika da ruwa amma muryarsa ba ta rawa.

Ya ce, "Ba ni kaɗai na zo ba. Mahaifiyata tana cikin mota. Ta bar gida cike da baƙin biki, ta ce ba za ta aurar da 'yarta ba sai ta zo ta durƙusa ta ba Abba haƙuri a kan abin da ɗanta ya yi."

Daga waje na ji an buɗe ƙofar mota, an rufe. Takun takalmi ya nufo gidan.

Ya matsa gefe ya ba ni hanya.

"Ke za ki gaya mata, ko ni?"